E-ZPass: kuɗin gada kawai yake cira ko har sawunmu ake bi da shi?

Ɗan Maraɗi a Bronx:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah tambaya gare ni ga waɗanda suka daɗe suna tuƙi a New York da New Jersey. Na samu mota kwanan nan, kuma wajen aikina a New Jersey yake, kenan dole in riƙa bin gadar George Washington, kowa na ce min maza in buɗe E-ZPass, wato asusun biyan kuɗin gada ta na'ura ba sai ka tsaya ba, don ya fi arha. To na shiga zan cika fom sai na ga suna, adireshin gida, lambar waya, lambar mota, katin banki, babu abin da suka bari, kuma wani abokin aikina ya nuna min takardar asusunsa ta wata guda, wlh sai da jikina ya yi sanyi, kowace gada ya hau an rubuta rana da awa har da minti da ɓangaren da ya nufa.

Ni ba wani abu nake ɓoyewa ba amma raina bai kwanta ba a ce akwai inda aka tara duk zirga-zirgata. Wa ke iya ganin wannan bayanin? Shekara nawa suke ajiye shi? 'Yan sanda ko 'yan imigireshan za su iya zuwa su karɓa haka kawai? Sannan in na ƙi saka abin gaba ɗaya na tsira ko duk ɗaya ne? Wanda ya sani ya taimaka, Allah ya saka da alheri.

Alhaji Mai Tasi:

Wa alaikumus salam. Ƙanena barka da mota, Allah ya sa alheri ya kare tsautsayi. Tambayarka ta ƙarshe zan fara amsawa don ita ce mai sauƙi: ba ka tsira ba. Da can lokacin da muka fara tasi akwai ɗakin mai karɓar kuɗi a bakin gada, ka miƙa dala ya ba ka canji ka wuce, bai san sunanka ba bai kuma damu ya sani ba. Yanzu an rushe waɗannan ɗakunan. Gadojin hukumar sufuri ta MTA da hanyoyinta na ƙarƙashin ruwa irin su Whitestone da Throgs Neck da RFK sun daina karɓar tsabar kuɗi tun 2017, babbar hanyar jiha Thruway ta bi sahu a Nuwamba 2020, ita kanta George Washington ɗin da kake magana a 2022 aka rufe karɓar kuɗi a hannu. Abin da ya rage shi ne wannan ƙarfen da aka gitta sama da titi cike da kyamarori, in kana da tag, wato 'yar na'urar E-ZPass da ake mannawa a gilashi, ya karanta ya cire kuɗinsa, in ba ka da shi kyamara ta ɗauki lambar motarka su duba a ofishin rajistar motoci su aiko maka da bil har gida, shi ne suke ce wa Tolls by Mail. To ka ga ko ta ina sun san motar waye ta wuce da ƙarfe nawa, bambancin kawai wanda bai da tag ya fi biya da yawa.

Misali kuɗin cunkoso da aka fara a Manhattan ranar 5 ga Janairu 2025, daga titi na 60 zuwa ƙasa, ƙaramar mota mai E-ZPass dala 9 ce da rana, ta wasiƙa kuma dala 13.50. Kuma bil ɗin wasiƙa shi ke jefa mutanenmu cikin wahala, mutum ya tashi daga gida bai canza adireshi ba takardu suna ta zuwa tsohon gida tara tana hawa kan tara, sai ranar da aka dakatar masa da rajistar mota ya ji labari. Na ga wannan ya faru da mutane da idona ba sau ɗaya ba.

Mu 'yan tasi ma ba a ba mu zaɓi ba, doka ce sai ka saka. Shawarata ka buɗe abinka, amma ka buɗe da sunanka kai kaɗai, kar ka yarda wani ya ce zo in ɗora ka a kan nawa.

Hajiya Ummu Hanan:

Salam. Alhaji ya faɗi gaskiya a kan kyamara, amma ni ina ganin tambayar ɗan'uwan nan ta farko ita ce mai nauyi kuma bai kamata a wuce ta da sauri ba, wato wa ke iya gani.

Bayanan nan ana fito da su a kotu, wannan ba jita-jita ba ce. Tun 2007 kamfanin dillancin labarai na AP ya bincika jihohi 12 da ke cikin tsarin E-ZPass a wancan lokacin, ya gano cewa a 7 daga ciki hukumomin suna miƙa bayanan in kotu ta ba da umarni, ba a shari'ar manyan laifuka kaɗai ba har da ƙarar da mutum ya kai mutum, har da shari'ar rabuwar aure. Miji ya ce ranar kaza yana wajen aiki, lauyan matar ya ɗauko takarda ya ce to me motarka take yi a wata jiha da ƙarfe goma sha ɗaya na dare. A shekarar dai an yi wata shahararriyar shari'ar kisa a New Jersey inda masu gabatar da ƙara suka kawo bayanan E-ZPass cikin hujjojinsu. Wani zai ce ai wannan alheri ne an kama mai laifi, na yarda, amma ku lura da abu ɗaya, takardar ba ta cewa wa ke riƙe da sitiyari, mota kawai ta sani. Mu kuma kun san halinmu da aron mota, ɗan'uwa ya zo ya ce ba ni makulli zan kai iyali asibiti ko zan ɗauko baƙo a filin jirgin JFK, ba ka iya hanawa. Duk inda ya je sunanka ne a rubuce.

Abin da ke ci min rai shi ne an ɗauke mana zaɓi ba tare da an tambaye mu ba. Da ciniki ne irin na kasuwa, ka biya ka ɗauki kayanka ka tafi, yanzu an mai da kowa mai cin bashi a kanti, dole sai an buɗe maka shafi a littafi an rubuta sunanka da abin da ka ɗauka da ranar, ko da kuwa da kuɗinka a hannu ka zo. Kuma ba wai ba yadda za a yi ba ne, akwai wuraren da suka zauna suka yi doka a kai. A Kalifoniya inda nasu ake kiransa FasTrak, an yi doka a 2010 da ta hana hukumomin sayar da bayanan direba ko ba wa wani haka siddan, ta kuma ce ba za a riƙe su fiye da shekara huɗu da rabi ba. Ni ko hakan ma ya yi min yawa, bashin da aka biya a watan da ya wuce me ake jira da shi shekara huɗu? Jamus ta fi burge ni, tun da suka fara karɓar kuɗin hanya daga manyan motoci ta na'ura a 2005 suka rubuta a cikin dokar cewa bayanan na karɓar kuɗi ne kawai, ba a miƙa su ba a kuma ƙwace su don wani aiki daban, 'yan sanda sun yi ta ƙorafi a kan haka.

A nan gabashin Amurka kuma E-ZPass ba kamfani ɗaya ba ne, hukumomi ne da yawa na jihohi daban-daban suka haɗu suna karanta tag ɗin juna, kowace da ƙa'idarta ta ajiya. Saboda haka wanda ya buɗe a New York da wanda ya buɗe a New Jersey ko Pennsylvania ba lallai sharaɗinsu ya zo ɗaya ba. Kafin ka danna na yarda, ka karanta sashen sirrin bayanai na hukumar da za ka buɗe a wajenta, in Turancin ya yi nauyi ka samu wani yaro ɗan makaranta ya karanta maka, ba abin kunya ba ne.

Ɗan Maraɗi a Bronx:

Na gode Alhaji, na gode Hajiya, Allah ya ƙara sani. Maganar aron mota ta taɓa ni sosai don ko jiya sai da aka ara. To wani abu kuma, na ji ana cewa ko ba a kan gada ba, a cikin gari ma ana karanta tag ɗin, wai da gaske ne ko irin labarin majalisa ne?

Injiniya_Zongo:

Yaya, da gaske ne, kuma hukumomin birnin da kansu sun amsa. Bari in ɗan yi bayanin yadda abin yake aiki don a gane. Wannan farin akwatin da ake mannawa a gilashi rediyo ne ƙarami mai batir a ciki, yana aiki a kan 915 MHz, ba shi da GPS, shi kansa bai san inda yake ba kuma ba ya aika komai zuwa tauraron ɗan'adam kamar yadda wasu ke faɗa. Yana nan shiru sai ya zo kusa da na'urar karantawa ta tashe shi, shi kuma ya faɗi lambarsa. Matsalar ita ce ba ya tambayar wa ke kira, duk na'urar da ta iya yarensa zai amsa mata, kuma ba ya ƙara ba ya haske balle ka san an karanta.

A 2013 wani mutumin New Jersey mai kiran kansa Puking Monkey ya yi wata dabara, ya haɗa na'urar da ke yin kukan saniya duk lokacin da aka karanta tag ɗinsa, ya shiga tsakiyar Manhattan wajen Times Square inda babu gada babu wurin biyan ko sisi a lokacin, abu ya yi ta kuka. Ya kai wannan taron masana kutse na DEF CON, 'yan jarida suka ɗauka. Sashen sufuri na birnin ya ce eh na'urorinsu ne, na wani shiri ne mai suna Midtown in Motion da suke auna gosulo da shi don daidaita danja, kuma wai ana hargitsa lambar tag ɗin ba a haɗa ta da sunan kowa. Irin wannan allon da kake gani a babbar hanya yana cewa minti kaza zuwa gada kaza, da yawa ta haka ake lissafa shi, a karanta tag a nan a sake karanta shi a gaba a ga minti nawa ya ɗauka. Ƙungiyar kare 'yanci ta NYCLU ta bi diddigi ta nemi takardu ta fitar da su a 2015, ya nuna na'urorin sun fi yadda mutane suke zato yawa.

Ni ban ce ƙarya suke ba da suka ce suna hargitsa lambar. Abin da nake cewa shi ne mutane sun karɓi abin nan ne don biyan gada, ba wanda ya zaunar da su ya ce za a yi wani aikin da shi, sai da wani ya bankaɗo. Wanda ya yi haka sau ɗaya dole a sa masa ido.

Abin da za ka iya yi: akwai wata 'yar jaka mai ƙyalli da masu E-ZPass suke bayarwa wadda in ka saka tag a ciki ba ya karantuwa, ka nema a wajensu, in ba gada za ka hau ba ka jefa shi ciki ka ajiye. Amma kar ka manta ka fito da shi kafin gada. Kuma gsky kar mu yaudari kanmu, lambar motarka tana waje kowa na gani, kyamarorin karanta lamba sun cika gari har a jikin motocin 'yan sanda, wayar da ke aljihunka kuma ta fi tag sanin inda kake nesa ba kusa ba. Bambancin shi ne ita waya Kotun Ƙoli ta yi hukunci a 2018 a shari'ar Carpenter cewa sai da waranti kafin 'yan sanda su karɓi tarihin wuraren da ta je daga kamfanin layi, hukuncin kuma a kan waya aka yi shi.

Sani Harlem 116:

Ni fa ban ga abin tayar da hankali ba a nan wlh. Ƙasar mutane muka zo, sun gina gada sun ce a biya, to a biya. In ba ka yi laifi ba wa zai ɓata lokacinsa yana duba ƙarfe nawa ka haye Whitestone, mutum miliyan nawa ke wucewa kullum? Kuma ku tuna layin da ake yi da a bakin gada, hayaƙi da hon da haɗari wajen canza layi, yanzu ka wuce abinka ko birki ba ka takawa. In aka sace motarka ko aka buge yaro aka gudu ai wannan kyamarar za ka roƙa a duba.

Baba Liman:

Sani ɗana, maganarka ta sauƙin hanya gaskiya ce ba mai musu, kuma ba wanda ya ce kar a biya haƙƙin hanya. Amma wannan kalma ta in ba ka yi laifi ba, ina roƙonka ka daina faɗinta a gaban waɗanda suke garin nan a 2011. A shekarar ne AP suka fara fito da rahotannin yadda wani sashe na 'yan sandan New York ya yi shekaru yana bin Musulmi, masallatai, gidajen abinci, shaguna, ƙungiyoyin ɗalibai, har suka tsallaka New Jersey. Cikin abin da aka ruwaito akwai rubuta lambobin motocin masu zuwa sallah da kafa kyamara tana kallon ƙofar masallaci. Mutanen nan laifin me suka yi? Sallah suka je. Sai a 2014 aka rufe sashen, aka yi ta shari'a har birnin ya sasanta da waɗanda suka kai ƙara. Na san mutanen da suka rage zuwa jam'i a lokacin saboda tsoro, wasu suka daina zama hira bayan Isha'i, wannan ba ƙaramin rashi ba ne ga al'umma.

Ban ce da E-ZPass aka yi wancan aikin ba, kar a ɗora min abin da ban faɗa ba. Wancan sai da aka tura mutum ya tsaya a bakin titi da biro da takarda, yana gajiya, ana iya ganinsa. Yanzu na'ura ce ke rubutawa dare da rana kuma tana ajiyewa, wanda ke kan kujera yau yana iya zama mutumin kirki, to na gobe fa? Bayanin da aka tara ba ya tashi ya bi wanda ya sauka, yana nan yana jiran wanda ya hau. Shi ya sa ni damuwata ba a kan karantawar take ba, a kan ajiyewar take. A cire kuɗi, a ba mutum 'yan watanni ya yi ƙorafi in an cire masa ba daidai ba, sannan a goge. Abin da aka goge ba lauya ba ɗan sanda ba ɓarawon intanet da zai same shi.

Game da imigireshan da yaron nan ya tambaya, jihar New York ta yi dokar da ake kira Green Light a 2019, wadda ta ba mutum damar yin lasin ko da takardunsa ba su cika ba, ta kuma taƙaita ba wa jami'an shige da fice bayanan ofishin rajistar motoci sai da umarnin alƙali. Amma dokar jiha ce, kana haye gada ka shiga wata jihar da nata dokokin. Duk wanda maganar takardu ta shafa ya je ya ga lauyan imigireshan, kar ya tsaya a kan abin da muka rubuta a nan. Ku kuma da kuka samu zama 'yan ƙasa kuna da ƙuri'a, in 'yan majalisar jiha sun zo masallaci neman goyon baya lokacin zaɓe ku tambaye su wannan, shekara nawa ake riƙe bayanan gada kuma wa ke da izinin buɗewa.

Abban Lafiya:

Ina bin ku daga gida Najeriya, kuma kar ku ɗauka abin ya tsaya can. Tolget ɗin da aka rushe zamanin Obasanjo sun fara dawowa, a Fabrairu 2025 aka fara karɓar kuɗi a hanyar Abuja zuwa Keffi, Akwanga, Lafiya har Makurɗi, daga naira 500 na ƙaramar mota zuwa 1,600 na manyan, kuma gwamnati ta nuna tsarin da ba tsabar kuɗi take so. To mu nan katin banki yana ɗaure da BVN, layin waya yana ɗaure da NIN, kana biya da kati an san waye kai an san inda ka tsaya. Muna da dokar kare bayanai da aka sa wa hannu a Yuni 2023 da hukumarta, sashe na 37 na kundin tsarin mulki ma ya yi maganar sirrin ɗan ƙasa, amma duk surutun da ake a tasha a kan tsadar kuɗin ne kawai. Ni kuma tsorona ba gwamnati kaɗai ba ce, a ƙasar da ake satar mutane a hanya, bayanin wace mota ke wucewa duk ranar Juma'a da yamma ba abin da za a bari a hannun kowane ma'aikaci ba ne. Ya kamata ƙungiyoyin direbobi su tambayi wannan tun yanzu da abin bai yaɗu zuwa sauran hanyoyi ba.

Hajiya Ummu Hanan:

Baba Liman ya gama magana, Allah ya ƙara lafiya. Zan ƙara abu ɗaya da Alhaji ya taɓo a sama bai faɗaɗa ba, don a aikace shi ya fi faruwa. Wanda ya fi kowa ganin zirga-zirgarka ba ɗan sanda ba ne, mai asusun ne. In tag ɗin na kamfanin da kake wa aiki ne, oga yana gani. In miji ne ya buɗe ya ɗora motar matarsa, ko wa ya ɗora ƙanensa, yana buɗe manhaja a waya zai ga komai ba sai ya je kotu ba. Na san gidan da rigima ta tashi a kan haka, baiwar Allah ta je duba 'yar'uwarta mara lafiya ne a wata unguwa, kafin ta dawo an riga an yanke mata hukunci. Ma'aurata su yi magana a kai tun farko kowa ya san ana gani, ya fi a mai da shi abin leƙe.

Sannan ku kula da saƙon tes da ke yawo wai ana bin ka kuɗin gada ka danna nan ka biya kafin tara ta hau. 'Yan damfara ne, FBI ta yi gargaɗi a kai tun Afrilu 2024 bayan ƙorafi sama da 2,000, kuma har waɗanda ba su da mota ana tura wa. Kar ka danna, ka shiga asusunka da kanka ta shafinsu ko ka kira lambar da ke jikin takardarka.

Alhaji Mai Tasi:

Ƙanena in za ka buɗe, ka tabbata lambar motar da ka rubuta daidai take harafi da harafi, don ranar da batirin tag ya mutu ko bai karantu ba da lambar za su nemo asusunka, in ba ta ciki bil ɗin mai tsada za a aiko maka. In ka sayar da motar ka cire ta daga asusun a ranar, ka ɓalle tag ɗinka ka tafi da shi. In kuma ba ka son ɗaura katin banki ana iya zuba kuɗi a asusun da tsaba a wasu shaguna, ka tambaye su wanne ne kusa da kai a Bronx.